Ƙofar Baba Allura

Duk wanda ya ga Baba Allura ba ya tambayar inda sunan ya samo asali. Mutum ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Shekara talatin da takwas yana taka keken ɗinki a wani shago mai taga ɗaya, kuma ba a taɓa ganin ya yar da ƙyalle ba. Wanda ya kai tafin hannu ya zama aljihu, wanda bai kai ba a cusa shi cikin matashin kai.

Wata rana ya ɓata minti goma yana neman kafar allura da zare, yana ta tsine wa maƙeran zamani. Matarsa, wadda ta kawo masa abinci, ta ce, "Malam, allurar dai tana nan yadda take. Idon ne ya yi ritaya bai sanar da kai ba."

Maganar ta tsaya masa a rai. 'Ya'yansu uku duk mata ne, kowace tana ɗakinta da nata nauyin. In ido ya tafi, me za a ci? Sai ya tuna da ɗan filin bayan gida inda ake shanya. Ya sayar da kekensa na biyu, ya haɗa da abin da ya daɗe yana tarawa, ya ce zai gina ɗaki ɗaya da banɗaki ya ba da haya. Iyakar abin da ya mallaka ke nan, ba wani a bayansa.

Birkilan da ya kama aikin ya ga ta kansa. Tun safe Baba yana tsaye da tef a wuya, ko guntun bulo ya faɗi sai ya ɗauka ya ce zai yi amfani. Da aka zo kan ƙofa, sai ya shiga wurin ya tsaya, ya auna kafaɗarsa, ya ƙara yatsa huɗu.

"Baba, ƙofa ce fa, ba wando ba," in ji birkila.

"Mutum ne zai shiga ko raƙumi? Ka san kuɗin babban ƙyaure kuwa?"

Amma da za a zuba linta, wato simintin da ke riƙe ginin saman ƙofa, sai ga shi ya kafe a zarce da taki biyu a gefen dama.

"Ikon Allah! Ka matse ƙasa don tsada, ka zo sama kana ɓarnar rodi?"

"Yaro, ni ban taɓa yanka riga ban bar rara a cikin ɗinki ba. Mutum yana ƙiba."

Birkila ya yi yadda aka ce, yana dariya ciki-ciki.

Ɗaki ya yi kyau, ga fenti ga famfo a bakin ƙofa. Ɗan haya na farko malamin makaranta ne. Aka juya gadonsa ta kai, aka juya ta ƙafa, gado ya ce bai san zancen ba. Na biyu direba ne, shi ya shige lafiya, matarsa ce ta shiga a kaikaice, ta fito a kaikaice, ta ja hannun mijinta ko sallama babu. Wata huɗu ɗaki ba kowa sai gizo-gizo, shi kuma ba ya biya.

"Mu kafa allo," in ji matar Baba. "Ana neman ɗan haya marar kaya, marar tumbi. Ko ka koma ciki da kanka, tunda kai aka ɗinka wa."

Ya yi murmushin yaƙe. A lokacin har masu kawo ɗinki sun fara dawo da riguna, wai layi ya karkace.

Sai ga wata ma'aikaciyar jinya, ɗakin ya yi mata don kusa yake da wurin aikinta. Ta zo da kayanta a mota. Komai ya shiga, ban da wani ƙaton kabad na katako. Na mahaifiyarta ne marigayiya, kuma ba ya kwancewa.

"Baba, ka yi haƙuri," ta ce. "Inda wannan bai shiga ba, ni ma ba na shiga."

Ta juya za ta ce a mayar da kaya. Baba ya ƙura wa ƙofar ido kamar rigar da ta matse mai ita.

"'Yata, ba ni zuwa la'asar. Farke ta za a yi."

Birkila ya zo yana girgiza kai, ya manta da rarar lintar da ya zuba, ya ce in aka taɓa gefen nan saman zai rufto. Baba ya ce, "Kankare nan." Ya kankare shafen, sai ga lintar nan ta miƙe cikin bango, taki biyu cif. Birkila ya riƙe haɓa. Aka cire bulo na faɗin taki ɗaya, saman ko gezau. Kafinta ya ƙara wa ƙyauren wani siririn ɓari, yadda ake ƙara wa riga ƙyalle a gefe. Kafin la'asar kabad ya shige, har da sauran wuri.

Da kuɗin hayar farko Baba ya je aka gwada masa tabarau. Yanzu yana ɗinki rabin yini, in ya gaji ya rufe shago ba fargaba. Ya ma fara tara bulon ɗaki na biyu, goma-goma duk wata. Ranar da za a shata ƙofar, sai ya ƙwala wa matarsa kira.

"Zo ki tsaya nan. Riƙe kwandon wanki a ƙugu."

"Au, ni ce raƙumin?"

"Ke ce ma'aunin," ya ce, yana jan tef. Ya auna, ya ƙara yatsa huɗu, sannan ya dubi birkila. "Saman kuma ka san yadda muke yi."