Jifan Mutumin Sakajiki

Ma'aikatan reluwe 'yan kudu ne suka kafa kulob ɗin kurket na garinmu, tun jirgi na zuwa Kaura da gaske. Su suka share fili bayan tasha, suna fitowa ranar Lahadi in sun taso daga coci, mutanen gari na tsaye suna dariya wai magidanta na gudu tsakanin sanda da sanda. Da jirgi ya yi wuya suka watse, sai tsoho ɗaya da ya ƙi tafiya, Baba muke ce masa. Shi ya koya mana wasan, mu malaman makaranta da 'yan tireda da wani mai gyaran rediyo. In ana suna a gidan ɗayanmu, kulob ne ke kafa rumfa. Da Kirsimeti a gidan Baba muke cin shinkafa, da Sallah kuma shi ke fara sallama a ƙofata.

Ni ne mai jifa na farko. Kowane wasa ni ake miƙa wa sabon ƙwallo in buɗe da shi. Na daɗe a haka, kuma abin ya fasa mini kai.

Sai ga wani manomi daga Sakajiki, sa'ana, ya kawo gero kasuwa ya tsaya kallo. Ƙwallo ya gangara gabansa, ya ɗauka ya wurgo daga can nesa, ya kwashe sandunan. Baba ya kira shi. Manomin ya ce shi dai hoge ya saba jifan tsuntsaye da shi a gona. Kafin wata biyu ya wuce mu duka. Ƙwallonsa kan dira ƙasa ya juya kamar an kira shi, mai bugu ya kai wa iska duka.

Mutanen Sakajiki suka fara zuwa kallo a kan kekuna. Ɗalibaina suka koma kwaikwayon gudunsa a filin makaranta. Har matata, wadda ba ta taɓa tambayata yadda wasa ya ƙare ba, ta ce wai da gaske ne abin da ake faɗa a kansa? Ranar ban ci tuwo ba. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Hannunsa na dama a lanƙwashe yake. Yana yaro ya faɗo daga jaki, aka ɗora karayar a karkace, gwiwar hannun ba ta miƙewa. A dokar kurket, laifi shi ne mai jifa ya lanƙwasa hannu sannan ya miƙe shi yayin sakin ƙwallo. Wanda nasa bai miƙewa sam, ba shi da laifi. Na san haka sarai, don littafin doka a hannuna yake.

Da 'yan Shinkafi za su zo mana wasa, Baba ya ce manomin ne zai buɗe. Na ce madalla. Da safe na je gaida alƙalin wasa, wani malami da muka yi makaranta tare, na ce masa ya dai duba hannun nan da kyau.

Sau uku manomin na jifa, sau uku alƙali na ɗaga hannu yana soke jifan. Baba ya taso da sandarsa yana gardama. Alƙali ya ce a tambayi mai littafi. Kowa ya juyo gare ni.

Na ce, “Doka doka ce, Baba.”

Aka miƙo mini ƙwallo. Ban taɓa jifa mai kyau irin na ranar ba, kuma mu muka ci wasan. 'Yan Sakajiki ba su jira ƙarshe ba. Shi kuwa ya jira, ya zo ya ba ni hannu.

“Malam, kai kas san littahi. In da gyara, hwaɗa min in tai in koyo.”

Na ce masa babu gyara, abin daga hannun ne. Ya dubi hannun nasa ya jima, ya ce haka Allah ya so, ya hau kekensa. Bai sake dawowa fili ba. Baba kuwa, daga ranar har ya rasu, ya daina miƙa mini ƙwallo da hannunsa, yakan ajiye a ƙasa in ɗauka.

Yanzu da ƙyar muke cika 'yan wasa goma sha ɗaya, kuma an daina zuwa Zurmi ko Shinkafi wasa saboda hanya. Nakan ga manomin ranar kasuwa, shi ke fara gaishe ni. In tsofaffin kulob suka zauna aka tambayi wa ya fi kowa jifa a Kaura, shi suke ambata, mutumin da rani ɗaya kacal ya yi tare da mu. Kuma Allah ya yafe mini, har yau in na ji sai raina ya sosu.