Ranar da Na Kai Ƙarar Malam Sale

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da na kai ƙarar Malam Sale ba, kuma tunda ku sababbi kun fara jin ƙishin-ƙishin maganar, gara ku ji ta daga bakina.

Ga wanda bai san aikin tafinta ba, kamfaninmu ke tura mu asibitoci da kotuna a nan garin Greensboro, mu tsaya tsakanin mai jin Hausa da mai jin Turanci. Dokar a fili take. Abin da aka faɗa shi za ka mayar, ba ƙari ba ragi, ko da zagi ne. Abin da ka ji a ɗaki kuma, a ɗakin za ka bar shi. Malam Sale ne shugabanmu mu masu Hausa. Shi ke raba aiki, shi ma ya koya mini dokar da bakinsa.

Wata Talata motarsa ta lalace, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Gate City Boulevard a madadinsa. Wadda zan yi wa fassara sunanta Zulai, 'yar Maraɗi, shekarunta ashirin da 'yan kai. Tana aikin ɗaure kwalaye a wani sito, tana zaune a gidan gwaggonta. Zuwanta na biyu ke nan, na farko Malam ne ya yi mata fassara.

Likitar ta fara da cewa gwajin jini ya fito lafiya lau, don haka ba ta ga dalilin rubuta maganin ƙara sha'awa da Zulai ta roƙa ba. Na mayar da Hausa. Zulai ta ɗago kai ta dube ni.

"Anti, wa ya roƙi magani?"

Na mayar wa likita tambayar. Ta ce ai abin da tafinta ya gaya mata wancan zuwan ke nan, wai yarinyar kunya take ji, amma magani take so.

Zulai ta damƙe bakin hijabinta. "Wallahi ban ce haka ba. Cewa na yi tunda nake ban taɓa jin sha'awar kowa ba, namiji ko mace. In ƙawayena suna hirar samari, ji nake kamar labarin garin da ban taɓa zuwa ba. Kuma in an ce mata su koma gefe, bi nake yi don ba ni da wurin tsayawa, amma a raina ba na jin ni mace ce, ba na kuma jin ni namiji ne. Tambaya ta kawo ni. Ciwo ne, ko akwai irina?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta zo mini baƙuwa. Ni mutuniyar Zariya ce, uwar 'ya'ya huɗu, ban taɓa jin irinta ba. A aikinmu kuwa da "ni" ake fassara, kamar kai ne mai maganar. Haka na buɗe baki, da furfurata da komai, na ce wa likita ban taɓa sha'awar kowa ba, kuma ban san ko ni mace ce ba. Na faɗa tiryan-tiryan, ban tsallake ko kalma ɗaya ba.

Likitar ta ajiye biro, ta ba da haƙuri. Ta ce akwai mutane irin haka. Wanda ba ya jin sha'awar kowa a Turanci asexual ake ce masa, wanda kuma ba ya jin kansa mace ko namiji nonbinary. Ta ce ba ciwo ba ne, ba kuma dole ne Zulai ta laƙaba wa kanta suna yau ba, ta ɗauki lokacinta, akwai mai ba da shawara in tana so. Zulai ta ce, "Ashe akwai," sai hawaye.

Cikin kukan ta faɗi sauran. Ashe tun ranar zuwan farko, kafin ta isa gida, Malam ya riga ya buga wa gwaggonta waya. Tun daga nan ba ta huta ba. Yau hayaƙi, gobe rubutu, an ɗauko mai ruƙiyya, wai namijin dare ne ya aure ta. Gwaggo ta ce in ba ta warke kafin salla ba ta kwashe kayanta, ba za ta ajiye mai aljanu cikin 'ya'yanta mata ba.

Na fassara wannan ma.

Da na fito ban tsaya ko'ina ba sai wurin makaniken da Malam ya kai motarsa. Na gaida Malam yadda ya kamata, sannan na tambaye shi dalilin abin da ya yi wa Zulai.

Ko a jikinsa. "Haba Hajiya Rabi! Wannan magana a bakin 'yar Musulmi, gaban Baturiya? Asiri na rufa mata."

"Malam, ka rufe a gaban likitar da ta zo nema, ka buɗe a gaban gwaggon da ke iya korarta. Wane irin rufin asiri ne wannan?"

"'Yarmu ce, dole a taimake ta."

"Ta ce ka taimake ta? Bakinka ta ara, ba hankalinka ba!"

Ya ce in ji tsoron Allah. Na ce tsoronsa ne ya kawo ni, amana aka ba mu. Kashegari na shiga ofishin manajan kamfaninmu na faɗi abin da ya faru, bayan na nemi yardar Zulai. Aka yi bincike, aka cire shi daga aikin asibiti.

Ku zo ku ga yadda gari ya ɗauka! A wurin suna na yi sallama, mata suka amsa a ciki-ciki. Wai na raba dattijo da abincinsa saboda yarinyar da ta lalace. Lalacewar me? Yarinyar da ba ta taɓa kowa ba, ba ta cuci kowa ba, tambaya kawai ta yi a ɗakin da aka yi mata alkawarin sirri. Ba wanda ya tambayi inda za ta kwana. Kafin sallar kuwa gwaggo ta fitar mata da akwati. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta ɗaki a McLeansville, can inda in ba ka da mota ka shiga uku.

Bayan wasu watanni na gan ta a zauren jira na asibitin nan, ita kaɗai, tana motsa leɓe tana haddace Turanci daga waya. Na ce ko in shiga da ita? Ta girgiza kai.

"Na ce kada su ƙara kira mini tafinta. Ba don ke ba ne, Anti. Amma duk mai jin Hausa a garin nan ya san gwaggona."

Aka kira sunanta ta tashi. Ta shiga ta faɗi abin da ya fi komai nauyi a ranta da harshen da ko cefane da ƙyar take yi da shi, ni kuwa da na iya duka biyun ina zaune a waje.

To, ku da za ku fara fita aiki, ku sani mu 'yan kaɗan ne a garin nan, kowa ya san kowa. In ɗayanmu ya saki baki sau ɗaya, ba aikinsa kaɗai ya ɓata ba, ya hana wani magana da harshen uwarsa ne.