Magudanar Bayan Gidan Eilert Tjarks

Shekara talatin da ɗaya Eilert Tjarks ya yi a tashar ajiye iska da ke bayan ƙauyensu a arewacin Jamus, kuma babu ranar da bai zagi injiniyoyi ba. Aikin tashar dai sananne ne: in lantarki ya yi yawa, a matse iska a tura ta kogon gishiri a ƙarƙashin ƙasa, in ya yi ƙaranci, a sako ta ta juya inji. To amma iska in an matse ta zafi take ɗauka, sai a sanyaya ta da ruwa, a zubar da ruwan ɗumin a magudana. In an zo sakinta kuma ta yi sanyi ƙalau, sai an ƙona gas an ɗumama ta.

"Ka zuba lantarki ɗari ka kwashi arba'in da biyu," haka yake cewa duk lokacin shan shayi, yana taɓe baki. "Masu digiri ke nan fa. Ko kakata ba ta zubar da ruwan dankali da zafinsa."

Abin da gogan ba ya faɗa shi ne, magudanar ta bayan gidansa ta bi. Saboda ruwan ɗumin ba ta taɓa daskarewa ba, kifin nan dogo mai kama da maciji ya yi ɓul-ɓul a cikinta. Kyafaffen kifin Eilert kuwa shi kaɗai ya sa ake gaishe shi a ƙauyen. In ba don shi ba, wa zai kula mutum mai baki kamar reza?

Sai aka kawo sabuwar injiniya, Frau Wübbena, wadda ta ɗauki surutunsa da gaske. A taron ƙauye ta ce za a gina rumbun duwatsu ya riƙe zafin, a mayar wa iskar in an sako ta, a daina zubarwa.

"Herr Tjarks za ku gode wa," in ji ta, tana nuna Eilert. "Shi ya hana ni sakat."

Aka tafa. Eilert ya miƙe. Mutumin da bai taɓa tausayin ko kyanwa ba, sai ga shi yana roƙo a duba halin da kwaɗin magudana za su shiga. Abin kunya dai ba ya kisa.

Matarsa Gesche ta jawo gefen kwat ɗinsa. "Zauna, Eilert. Kowa ya san kwaɗin naka a faranti suke ƙarewa."

An gina rumbun, ɗari ta koma ba da saba'in, aka kafa ƙaramin allon tagulla a jikinsa da sunan Eilert. A watan Janairu magudanar ta daskare. Ya taka ƙanƙarar da takalmi har tsallake, bai ga ko wutsiya ba. Maƙwabcinsa ya wuce a keke bai ko ɗaga hannu ba.

Da ya shigo gida, Gesche ta buɗe kifin gwangwani ta tura masa gabansa.

"Ci," ta ce. "Ai shawararka ce."