Kujerar Kyaftin

Kwana goma sha biyu da rasuwar Kyaftin, autarsa ba ta zauna wuri ɗaya na minti biyar ba. In ta shiga ɗaki sai ta fito, in ta zuba shayi sai ta manta inda ta ajiye kofin. Mahaifiyarta ta gaji da kallonta.

"Auta, ki zauna mana. Sai kai da komo kike kamar kazar da za ta yi ƙwai."

"Mama, Litinin zan koma aiki. In ban kwashe kayan ɗakin nan yau ba, wa zai kwashe?"

Ɗakin cire haƙori take nufi, wanda ke jikin gidan, ƙofarsa na kallon titi. Shekara arba'in da ɗaya Kyaftin ya yi a cikinsa, tun da ya tuɓe kakin soja. Shi kaɗai ne likitan haƙori a garin, kuma da wuya ka sami mai furfurar da bai taɓa kwanciya a kujerarsa ba. Na soja kuwa, ba abin da ya rage masa sai sunan, da takalmi mai ƙyalli, da ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Ba ya ba da labarin yaƙi. Sau ɗaya tak Auta ta ji ya ce sun taɓa isa bakin kogi ɗauke da masu rauni, suka tarar gada ta karye, kuma ba duka aka haye da su ba. Yana faɗin haka ya tashi ya je wanke hannu.

Amma a kan sha'anin gari, bakinsa ba ya gajiya. Dabararsa kowa ya san ta. Sai ya kwantar da mutum, ya cusa masa auduga, ya zura ƙaramin madubi, sannan ya ce, "Buɗe baki, ka ba ni kunne." Daga nan fa sai karatu. Wanda aka riƙe wa muƙamuƙi, ina shi ina gardama? Ta haka aka gyara famfon kasuwa, aka yi wa aji uku rufi, aka kwashe bolar bayan asibiti. Har 'yan gari kan ce ciwon haƙorin manya rabon talaka ne.

Auta dai ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Ta girma abinci na hucewa a gida, uban yana can taron unguwa. Ranar da ta gama jami'a ma yana ofishin ayyuka yana bin fayil, kuma har yau abin na ci mata rai. Ita ma likitar haƙori ta zama, gado ne ba karambani ba, amma a birni, ta kuma rantse ba za ta yi wa mara lafiya magana ba sai a kan bakinsa. Ko kujerar ta sha yi masa mita a kanta, don shekara tara da suka wuce ya karkatar da ita, har sai likita ya matse jikinsa tsakaninta da bango.

"Baba, wannan wane irin ajiye kujera ne?"

"Ƙyale ta, Auta. Ta san aikinta."

Abu ɗaya ne ya gagare shi, gadar makaranta. Wani kwari ne mai zurfi tsakanin titi da firamare, katako biyu aka shimfiɗa a kai, nan yara ke bi safe da rana. Bara ruwa ya tafi da ɗaya, aka samo wani aka maye. Shekara tara Kyaftin na bin takardar gadar, har komai ya kammala sai sa hannun injiniyan gari. Shi kuwa injiniyan Allah ya yi masa haƙora masu ƙarfi, bai taɓa leƙo ɗakin ba. "Mutumin nan haƙoransa kamar na doki," in ji Kyaftin, cikin takaici. Ya rasu yana jira, ga damina ta ƙarato.

Auta ta naɗe awartaki da madubai ta jera a kwali. Ta ɗauki littafin da yake rubuta masu zuwa, ta buɗe ta rufe, ta sake buɗewa. Wani abu ya ɗaure mata kai. Duk wani babba na gari, shugaban majalisa ne ko ɗan kwangila, ƙarfe ɗaya da rabi aka rubuta masa. Ta jefa littafin cikin kwali, ta jawo tsumma tana goge teburin da ta riga ta goge.

Sai ga sallama a ƙofa. Wani dogon mutum ne, ya dafe kumatu da hankici, ido ɗaya na hawaye. Injiniya ne da kansa.

"Sannu, Likita. Ya ƙarin haƙuri? Na san ba lokacin da ya dace ba ne, amma kwana uku ban runtsa ba."

"Ranka ya daɗe, ai an rufe. Kayan ma na cikin kwali."

Ya tsaya a ƙofar, bai tafi ba. Ta ja tsaki a ciki, ta farke kwalin, ta ɗora kayan aikin a wuta. Ta kwantar da shi, ta duba, ta yi masa allurar kashe zafi, ta ce sai ya jira minti goma ta kama. Ta ƙudurta ko kalma ɗaya ba za ta ƙara ba.

Aka buga ƙararrawar tashi daga makaranta. Auta ta sunkuya za ta gyara masa matashin kai, kanta ya zo daidai da nasa, sai ta ga abin da duk wanda ya kwanta a kujerar nan yake gani. Tagar ta ɗauko kwarin cif, da katakon biyu. Yara sun yi layi, suna hawa ɗaya bayan ɗaya, hannuwa a buɗe, katakon na lanƙwasa. Wata 'yar mitsitsiya ta kai tsakiya ta ƙame, yayarta ta juyo tana tafiya da baya tana jan hannunta. Auta ta dubi agogon bango, ɗaya da rabi.

Injiniya ya rufe ido, ya buɗe.

"Likita, a ɗan juya kujerar nan mana."

Ta tura da gaske, kujera ko motsi. Ta duba ƙasa, ashe noti huɗu uban ya sa ya ɗaure ta a siminti. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, da kunyar shekarun da ta yi tana ganin wautarsa. Sai ta ji bakinta na cewa, "Buɗe baki, ranka ya daɗe, ka ba ni kunne."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, kuka ya ci ƙarfinta. Injiniya ya daɗe yana kallon tagar. Da ya yi magana, leɓensa ya yi nauyi, da ƙyar kalmomin ke fita.

"Takardar gadar na cikin motata. Wata biyar ke nan."

Ta share ido da bayan hannu. "To, allurar ba ta gama kamawa ba. Je ka ɗauko, ga biro a tebur. Haƙorin ba inda zai je."

Ya sauka ya fita, hankici a kumatu. Mama ta leƙo ta ƙofar cikin gida.

"Wa nake ji yana magana kamar babanku?"

Auta ta hau kujerar ta kwantar da kai inda dubban mutane suka kwantar da nasu, ba ta motsa ba sai da yaro na ƙarshe ya haye.