Ƙwayar Kawu Sannu-Sannu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, malamin koyar da tuƙi ne. Shekarun da ya yi a kujerar gefen direba sun fi shekaruna a duniya. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Sannu-Sannu, don ba shi da wata magana da ta wuce wannan. Ko ruwa kake sha a gabansa sai ya ce ka bi a hankali. Rabin unguwa shi ya koya musu rage gudu, amma zuciyarsa ta ƙi ɗaukar darasi.

Abin yakan zo masa ba sallama. Yana zaune lafiya lau, sai ƙirjinsa ya hau dukan uku-uku, gumi ya karyo masa, numfashi ya gagara. Da matarsa ta gaji da ganin haka, ta tisa ƙeyarsa zuwa asibiti. Likita ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya daɗe yana duba abin da na'ura ta zana.

"Baba, zuciyarka na gudu fiye da kima," in ji likitan. "Ga ƙwaya, ɗaya kowace safiya, ko kana jin ciwo ko ba ka ji. Kada ka tsallake. Ranar da abin nan ya ɗauke maka gani a cikin mota, kai da mota sai kallo. Ni da kaina zan hana."

Kawu ya yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Suna fitowa ya ce wa matarsa, "Yaron yana da ladabi, amma bai san mota ba."

Shi dai a binciken Kawu, wanda ya gudanar shi kaɗai kuma ya amince da sakamakonsa, zuciyarsa lafiyarta ƙalau. Ɗalibai ne ciwon. Saboda haka ya ɗauke maganin daga gida, ya ajiye shi a ɗan aljihun nan na gaban mota, tare da tsumma da tsohon fulogi. Daga nan ya raba ɗalibai aji-aji. Mai taka totur yana zaton birki ne, wannan ƙwaya guda ce. Mai sakin kuloci kamar ya taka garwashi, rabi ya isa. Masu natsuwa kuwa ba a yi musu asarar magani.

Ba a jima ba ɗalibai suka gano. Ba wanda ke jiran sakamakon gwaji, hannun Kawu kawai ake kallo. Ranar da ni ma na shiga koyo, ko ƙofa ban rufe ba ya haɗiye guda, ya kora da ruwa, ya dube ni ya ce, "'Yar nan, Allah ya kai mu gida lafiya." Na ji haushi ƙwarai, har yau ban huce ba.

Matarsa ta yi magana har ta gaji. "Malam, kullum fa aka ce."

"Wanda ya ce kullum ɗin, ya taɓa zama kusa da mai koyon ribas?"

Sai aka shiga wani mako da Allah ya haɗa shi da masu natsuwa zalla. Ya yi kwanaki bai taɓa maganin ba, yana ta shelar cewa ya warke. Gwanar cikinsu wata dattijuwa ce, shugabar makaranta da ta yi ritaya, wadda in tana tuƙi masu keke ke wuce ta har su tsaya gaisuwa. Kawu na ji da ita, yakan ce zama a gefenta hutu ne.

A gefen nata abin ya same shi. Sun shiga shataletale, ya buɗe baki zai ce sannu-sannu, maganar ba ta fito ba. Ya dafe ƙirji, kansa ya langaɓe jikin gilashi. Baiwar Allah da ba ta taɓa wuce giya ta biyu ba, ita ta kai shi asibiti, tana danna hon tana salati. Da ya farfaɗo aka ba shi labari, abin da ya fara tambaya shi ne ko ta sa sigina.

Mun yi dariya, amma ni hawaye ne ya biyo bayan tawa, don na ga yadda leɓunansa suka yi fari. Likita bai yi faɗa ba. Ya dai ce ba tuƙi, ba koyarwa, sai ya ga yadda zuciyar ta zauna, kuma bai yi alƙawarin rana ba.

Yanzu maganin ya koma gida, kusa da kofin matarsa, kuma ba ta matsawa sai ta ga ya haɗiye. Zuciyar ta lafa. Makarantar koyon tuƙin da yake wa aiki ta ɗauki wani malami. Kawu yakan je duk da haka, ya zauna a benci bakin ƙofa, wai iska yake sha. Jiya na same shi a can, motar ta zo wucewa da wani sabon ɗalibi tana tangaɗi. Ƙafarsa ta dama kawai na gani tana danna ƙasa da ƙarfi, tana neman birkin nan da motar koyo ke da shi a gefen malami.