Tsakuwar da Na Zuba wa Taubashina a Intanet

Shekarun baya, ba wasu masu nisa ba, lokacin gemuna yana da sauran baƙi jefi-jefi, na tafka wani abu da har yau in na tuna sai in ji hulata ta yi mini nauyi. Ku masu bibiyata a nan kun saba ji na ina tsokanar mutane. To yau a kaina zan sauke, ku gyara zama.

Da farko ku sani, ni ɗan boko ne. Na yi firamare har aji huɗu kafin mahaifina ya lura cewa gona ta fi hedimasta buƙatata. Saboda haka a majalisarmu ta bakin inji, nan gefen Kura, ni ne farfesa. Ni ke karanta takardar magani, ni ke fassara saƙon waya. In abu ya fi ƙarfina sai in gyara tabarau in ce ai wannan Turancin Amurka ne, ba shi muka yi ba.

Sana'ata casar shinkafa. In sayi shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, wurin masu noman rani, mata su jiƙa su turara ta su yi gumi, a shanya, in cashe, in sayar. Tsallaken kanal, inda in na ɗaga murya za a ji, akwai injin taubashina, ɗan kawuna. Sana'armu ɗaya, shekarunmu kusan ɗaya, kuma tun muna yawo ba wando ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Haka wasan taubasai yake, ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne bawansa, kuma har iyayenmu suka rasu ba a raba wannan gardama ba. In ya hango ni da safe sai ya ƙwalla, “Kai bawa, yau ma ƙonanniyar shinkafar za ka ɗora wa bayin Allah?” Ni kuma in ce, “Gara ƙauri da tsakuwa. Taka ai sai mai haƙoran ƙarfe.” Jama'a su yi dariya, kowa ya kama aikinsa. Wannan ita ce ina kwananmu.

Ana nan sai ƙungiyarmu ta masu inji ta gayyato wata malama daga Kano, ta zo ta koya mana wata manhaja, irin wannan da ake cewa AI. Ta ce ba sai ka iya rubutu ba, magana kawai za ka yi mata da Hausarka, ta yi maka tambayoyi, sai ta gina maka shafi sukutum a intanet, da tambarin kasuwancinka, da hotuna, da lambar waya, duk duniya ta gani. Rabin tsofaffin gyangyaɗi suka yi, taubashina kuwa bai ma zo ba, ya ce shinkafa ba ta cikin waya. Ni na zauna a gaba, ina gyaɗa kai kamar tare muka haɗa abin.

Washegari bayan La'asar na buɗe ta a gaban majalisa, don a shaida. Ta tambaye ni sunan injina, na faɗa. Ta tambayi abin da nake sayarwa, na faɗa. Ta ce wane launi nake so, na ce kore irin na shinkafa in ta sha taki. Kafin abokina mai shayi ya gama juye kofi, sai ga tambari: zangarniya ta sunkuyo, rana na fitowa a bayanta, sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ga hoton shinkafa fara sol, wadda ko ni ban taɓa cashe irinta ba. Waya ta zaga hannu hannu. Ni da ke da inji ɗaya da rumfar kwano, sai ga ni na zama kamfani. Na gyara zama, na fara magana ta hanci.

Sai ta jefo wata tambaya: me ya bambanta ni da sauran masu irin sana'ata?

Abokina mai shayi ya ce, “Ai wannan mai sauƙi ce, Farfesa. Ba ta labarin bawanka.”

Ni kuwa dama kaɗan nake jira. Na kusanto da waya bakina, na share murya. Na ambaci sunan injin taubashina tiryan-tiryan. Na ce shinkafarsa rabi tsakuwa ce. Na ce da ruwan kanal yake jiƙa ta, daidai inda shanu ke sauka. Na ce duk wanda ya ci sai ya nemi likitan haƙori. Majalisa ta kwashe da dariya, wani har da ƙwalla.

Don kada in ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba: ta ja hankalina. Ta ce na ambaci kasuwancin wani da suna, kuma maganar za ta iya cutar da shi, ko ta cire? Na dubi jama'a na ce, “Kun ji mini shisshigi. Yarinyar jiya za ta shiga tsakanin taubasai.” Na danna a bar ta.

Abin da ta rubuta ya ba ni mamaki, amma a lokacin daɗi ya yi mini. Ta cire “bawana”, ta cire likitan haƙori, ta cire duk wani abu da zai nuna wasa ne. Ta bar magana tsaf, cikin ladabi, da Hausa da Turanci, irin ta mutumin da ba ya ƙarya: cewa saɓanin inji kaza da ke kusa, inda ake samun tsakuwa kuma ake jiƙo da ruwan da ba shi da tsafta, mu namu aikin tsaftatacce ne.

Na tsallaka kanal da kaina na karanta wa taubashina, da muryata, ina juya ido ina murguɗa baki. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Wa zai karanta shirmenka in ba awaki ba? Ashe har aljanin waya ka koya wa ƙarya.” Shi a tunaninsa abin kamar hoto ne, yana cikin wayata kawai. Ni kuwa na ji malamar nan da kunnena ta ce duk duniya za ta gani. Wannan ma shi ne abin da ya fi burge ni. Na ce a raina in ya kwana biyu zan goge. Sai girbi ya zo, shanshera ta cika gari, na manta da shafi kamar ban taɓa yin sa ba.

Bayan wasu watanni wayata ta yi ƙara. Wata Hajiya ce daga wajen Kumbotso, ita ke kula da abincin wata makarantar kwana. Ta ce sun ga shafina, suna son in riƙa kai musu shinkafa har ƙarshen zango. Jama'a, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce an gama, Hajiya. Ranar nan ba wanda ya huta da ni a majalisa. Na ce kun ga amfanin ilimi, ku da kuka yi barci.

Da safe na tsaya bakin kanal ina jiran taubashina, bakina cike da maganar da na kwana ina shiryawa. Ya fito, ya hango ni, ya ɗan rage tsawo, ya ce, “Ina kwana, Alhaji. An tashi lafiya? Ya iyali?”

Na ce, “Kai bawa, wa ya mutu?”

Ya ce, “Lafiya lau, Alhaji. Allah ya ba da kasuwa.” Ya shige injinsa.

Ban taɓa jin zagin da ya shige ni kamar wannan gaisuwa ba.

Maiɗakina ce ta warware mini, don mata sun riga mu ji a wurin gumi. Ashe cinikin nan nasa ne. Hajiyar ta zo injinsa, ta ga shinkafa, ta yaba, sun yi magana ta ƙare. Har ya tara shanshera, ya sa an yi gumi mai yawa, buhuna jibge a rumfa. Kafin a ɗauka sai mai makarantar ya ce bari ya duba sunan injin a intanet. Taubashina ba shi da shafi. Wuri ɗaya tak sunansa ya fito a duk faɗin duniya: a shafina, kusa da tsakuwa da ruwan shanu. Mutum mai riƙe da 'ya'yan mutane, me kuke so ya yi? Ya ce a fasa, a kira wancan mai tsaftar.

Ta ce, “Malam, gari cewa ake ka shirya abinka ne don ka ƙwace masa ciniki.”

Na ce, “Haba, wasa ne fa. Shi ma ya yi dariya.”

Ta ce, “Ya yi dariya don ya ga fuskarka. Mai makarantar ya ga fuskarka?”

Na jawo wayata.

Goge maganar bai ɗauke ni komai ba, na gaya wa manhajar ta cire, ta cire, ko gori ba ta yi mini ba. Amma gogewa ba ta ɗauke buhunan da ke rumfarsa ba, ga damina na matsowa, shinkafar gumi kuwa ba ta son danshi. Na je har gida in ba shi haƙuri, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi. Ya ce ba komai, Alhaji, rabo ne. Da ya zage ni da na samu barci.

Sai na ɗebi shinkafarsa a wurin maiɗakinsa ba tare da ya sani ba, na ƙulla a leda, na ƙulla tawa daban, na hau mota zuwa Kumbotso. Na sami Hajiya a bakin kicin tana ba masu girki umarni. Na gabatar da kaina, ta ce a'a, Baba, kai ne mai kamfanin? Ta kalli takalmina. Na ce ni ne, amma mu bar maganar kamfani.

Na zayyana mata komai. Na ce mutumin nan taubashina ne. Ta riƙe haɓa ta ce, “Baba! Wasan taubasai ka kai intanet? Da girmanka?” Masu girki suka daina yanka albasa suka zuba mini ido. Ta ce ita ta gane, ita ma tana da nata taubasan, amma mai makaranta rubutu ya gani, kuma ta yaya za ta san ba yanzu ne nake ƙaryar ba, don in taimaki ɗan'uwa?

A nan ne dole ta sa na faɗi abin da ban gaya muku ba tun farko, don ko ku ina jin kunyarku. Ni ba ni da injin cire tsakuwa. Shi ke da shi. Duk shinkafar da nake taƙama da ita, in na cashe, a kura ake tura ta tsallaken kanal, injinsa ya tace mini. Na ce, “Hajiya, in kin sayi tawa, tasa kika saya, sai dai tawa ta fi ƙauri.” Wata tsohuwa cikin masu girki ta saki dariya har ta zauna a ƙasa. Aka baza shinkafar biyu a faifai, suka tsince ta da hannu, ba su sami komai ba. Aka kai ni gaban mai makaranta na maimaita, a tsaye, hula a hannu, kamar ɗalibin da aka kama ya tsallake katanga.

Sun mayar masa da cinikin, amma ba duka ba, don sun riga sun ɗauki wani kaso a wani wuri lokacin da ake ta kai-kawo. Ragowar buhunan mu biyu muka yi ta bin kasuwar Bunkure da su har suka ƙare. Yana ce mini Alhaji, ina ɗaukar buhu. Mun daɗe a haka.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, don ni ma ban yi zurfi ba. Wasanmu yana tafiya ne da murya, da ido, da mutanen da suka san kawuna da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Na'urar nan ta iya gyara magana ta sa mata riga mai kyau, amma duk waɗannan a baya take barin su. Kuma ta tambaye ni, ni na ce a bari. Har yau ina amfani da shafina, yana kawo mini ciniki, sai dai in ta yi tambaya ina cire hula in yi tunani kafin in buɗe baki.

Bara taubashina ya sa aka yi masa nasa shafin. Da na ji, na ce ranar ramuwa ta zo, kuma na cancanta. Na buɗe, na gyara tabarau, na bi shi layi layi har ƙasa. Shinkafa, farashi, lambar waya. Ba ni a ciki.

Na tsallaka na same shi yana ɗinke bakin buhu. Na ce, “Na duba shafinka. Ban ga inda ka rama ba.”

Bai ko ɗago ba. Ya ja zare da haƙori ya tofar, ya ce, “In sa sunan bawa a shafin kamfani? Matsa mini daga haske, kana tare mini kwastomomi.”

Na matsa. Wallahi har na koma injina bakina bai rufu ba.