Dakta Zeinabu Yacuba, Mai Binciken Jatan Landen Laka

An haifi Zeinabu a garin Gaya cikin shekarar 1974. Mahaifinta Yacuba masunci ne a kogin Isa, mahaifiyarta Mairo kuwa tana sana'ar ƙyafa kifi.

Karatu

Ta shiga lakwal, wato firamare, a 1981, ta wuce lise, wato sakandare, a Dosso, sannan ta karanta ilimin halittu a jami'ar Yamai. A 1998 aka tura ta Kotonu ƙarin ilimi, inda ta fara ganin teku.

Aure

A shekarar 2001 aka ɗaura aurenta da Amadu, direban babbar mota mai jigila tsakanin Kotonu da Gaya.

Aiki

Ta duƙufa kan nazarin hayayyafar wani jatan lande mai haƙa rami cikin lakar gaɓa, wurin da teku ke rufewa in ta cika, ta buɗe in ta janye. Shekaru da dama ita da matan wani ƙauyen gaɓa kusa da Kotonu da ke tono shi sun ɗauka kumburin da ke gefen jikin matan jatan landen ƙwai ne, suna mayar da su rami domin su haihu. A 2009 ta tsaga kumburin, sai ta tarar da wani ƙwaro manne a ciki yana shan jinin uwar, ya kuma hana ta ƙwai har abada. Da ta nuna wa matan ƙauyen, shugabarsu ta dafe ƙirji ta ce, "Malama, ashe da hannunmu muke kiwon abin da ke ƙarar da su?" Daga nan ta bi ƙauyukan gaɓa tana koyar da bambance mai ƙwai da mai cuta.

Rasuwa

A watan Maris na 2023, tana tsakiyar aiki, laka ta riƙe ƙafafunta har gwiwa, teku kuma ta ciko. Matan suka jefa mata igiya, amma ruwa ya riga su. Da labari ya iso Gaya, mahaifinta ya ƙi gaskatawa, ya ce, "Zeinabu? Ai ta iya iyo tun ba ta iya tafiya ba!"

Mijinta ne ya kawo gawarta gida cikin motarsa, aka yi mata sutura a maƙabartar garin bayan sallar la'asar. Ta bar ƴaƴa uku: Zahradeen, Sakina da Rabo. Allah Ya jiƙanta da rahama.